Sharar nukiliya: Ta yaya za a gargaɗi mutanen da za su zo bayan shekara 100,000?

A tsibirin Olkiluoto da ke yammacin ƙasar Finland, an shafe sama da shekara 20 ana haƙa wani rami da ya nutsa fiye da mita 400 a cikin dutse. Sunansa Onkalo, wato kogo a harshen mutanen ƙasar. A nan ne Finland za ta binne ragowar makamashin da tashoshinta na nukiliya suka gama amfani da shi, kuma ana so abin da aka binne ya zauna babu mai taɓa shi har tsawon shekara 100,000.

Kamfanin Posiva mai gudanar da aikin ya fara haƙa ramin a 2004, a watan Agustan 2024 kuma ya fara gwajin yadda za a riƙa saukar da kayan, amma da tukwanen da babu sharar a ciki. Ana sa ran Onkalo ne zai zama irinsa na farko a duniya.

Tsarin ajiyar hawa-hawa ne. Za a zura sandunan makamashin cikin tukunyar baƙin ƙarfe, a lulluɓe ta da jan ƙarfe mai kaurin santimita 5, a kewaye ta da wani irin yumɓu da ke kumbura idan ya sha ruwa, sannan a bar sauran aikin ga dutsen da ya kusa shekara biliyan biyu a wurin. Za a yi kimanin shekara 100 ana cika ramin, daga nan a toshe shi.

Injiniyoyi sun yi lissafin yadda ƙarfe da yumɓu da dutse za su jure. Abin da lissafi bai kama ba shi ne ɗan Adam. Wa zai tuna cewa akwai wani abu a ƙarƙashin wannan daji? Da wane harshe za a faɗa masa, kuma a kan me za a rubuta?

Tsawon lokacin da ake magana a kai

Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, ta ƙiyasta cewa tashoshin nukiliya sun fitar da kusan tan 400,000 na irin wannan ragowar makamashi tun daga shekarun 1950. An sake sarrafa kusan kashi ɗaya cikin uku. Sauran na nan ajiye a tafkunan ruwa da manyan tukwane, ana jiran a sama musu makwanci na dindindin.

Wasu sinadaran da ke cikin sharar suna lafawa bayan 'yan ɗaruruwan shekaru. Wasu kuwa ba su da gaggawa. Nau'in fulutoniyam da aka fi samu a ciki sai ya shekara 24,000 kafin rabinsa ya gushe, sannan ya sake wata 24,000 kafin rabin abin da ya rage ya tafi.

Idan aka ɗora wannan a kan ma'aunin tarihi, sai a ga girman matsalar. Rubutu mafi daɗewa da aka sani, wanda aka samo a ƙasar Iraƙi ta yau, bai wuce shekara 5,000 da 'yan kai ba. Babbar dalar Giza ta Masar tana da kimanin shekara 4,500. Babu wata daula ko hukuma ko harshe da ya taɓa kai ko da kashi ɗaya cikin goma na shekara 100,000 ba tare da ya sauya kamanni ba.

Rubutun tsoffin Misirawa ma darasi ne. Yana nan sassaƙe a jikin duwatsu, kowa na ganinsa, amma an yi fiye da shekara 1,000 babu mai iya karanta shi, har sai da Bafaranshe Jean-François Champollion ya warware shi a 1822.

Ƙayoyin dutse da kyanwa mai sauya launi

Amurka ce ta fara zama a kan wannan tambaya. A 1981 aka kafa wani kwamiti da ya haɗa injiniyoyi da masana harshe da masana halayyar al'umma, aka ɗora masa nemo hanyar da za a hana mutanen gaba haƙa wurin da aka binne shara.

Ɗaya daga cikinsu, masanin harshe Thomas Sebeok, ya ce babu saƙon da zai yi shekara 10,000 shi kaɗai. Shawararsa ita ce a riƙa sabunta saƙon bayan kowane zuriya uku, a kuma kafa wata ƙungiya ta masana da za ta riƙa zaɓen magadanta da kanta, tana riƙe da sirrin wurin, tana yaɗa tatsuniyoyi da bukukuwan da za su sa jama'a su ji tsoron kusantarsa. Masu suka sun ce wannan tamkar ɗanƙa wa wasu 'yan tsiraru iko ne a kan sauran jama'a.

A 1984 wasu masana biyu, Françoise Bastide daga Faransa da Paolo Fabbri daga Italiya, suka zo da wata shawarar da ta fi ba da mamaki: a samar da wani irin kyanwa da launin jikinta zai sauya idan ta kusanci tururin nukiliya, sannan a cusa labarinta cikin waƙoƙi da karin magana, ta yadda duk wanda ya ga kyanwarsa ta sauya launi zai san lokacin ƙaura ya yi. Ba a taɓa samar da kyanwar ba. Sai dai shawarar ta nuna cewa tun a lokacin masana sun fi amincewa da bakin mutane a kan allon gargaɗi.

A farkon shekarun 1990 aka sake tara wasu masana saboda ma'ajiyar WIPP da ke kusa da garin Carlsbad a jihar New Mexico, inda ake binne sharar da ta fito daga ƙera makaman nukiliya a cikin gishiri, mita 655 a ƙarƙashin ƙasa. Rahotonsu na 1993 ya ƙunshi zane-zane masu tayar da hankali, ciki har da fili cike da manyan ƙayoyin dutse masu tsini da suka karkace ta ko'ina, don duk wanda ya zo ya ji a jikinsa cewa wurin ba na zama ba ne. Daga bisani aka tsayar da shawarar kafa ginshiƙan dutse masu tsayin fiye da mita 7, ɗauke da gargaɗi a harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya da kuma harshen Nabaho na 'yan asalin yankin.

Haɗarin da ake tsoro a can ba na ɓarayi ba ne. Yankin yana da arzikin man fetur da ma'adinai, rijiyoyin mai sun kewaye shi. Abin da ake gudu shi ne wani mai neman mai, bayan ɗaruruwan shekaru, ya kafa injinsa a wurin bai san abin da ke ƙasa ba.

A sa alama ko a bari a manta?

Ba kowa ya yarda da batun alama ba. Fir'aunonin Masar sun gina manyan kaburbura don a kiyaye su, amma girman ginin shi ya nuna wa ɓarayi inda dukiya take, kuma kusan duka an yashe su tun a zamanin da. Gini mai ban tsoro a tsakiyar hamada na iya zama gayyata ga mai son sani.

Shi ya sa a Finland aka tsara Onkalo ta yadda zai zauna lafiya ko da kowa ya manta da shi. An zaɓi dutsen da ba shi da wani ma'adini mai jan hankali. Masana yanayi kuma suna sa ran ƙanƙara za ta sake lulluɓe yankin nan da dubban shekaru, kamar yadda ta taɓa yi, kuma ƙanƙara mai kaurin kilomitoci za ta share duk wani ginshiƙi da aka kafa a doron ƙasa.

Sai dai masu ɗaya ra'ayin suna cewa ba hurumin mutanen yau ba ne su yanke wa na gobe hukuncin jahilci. Wataƙila na gaba su gano cewa ma'ajiyar na yoyo su so gyarawa, ko su sami dabarar cin moriyar abin da ke ciki. Ko wanne ne, sai sun san me aka binne, a ina, kuma nawa ne.

Mantuwar da ba ta jira dubban shekaru ba

Abin da ya riga ya faru ya nuna cewa ba sai an kai shekara 100,000 bayani ke ɓacewa ba.

A birnin Goiânia na ƙasar Brazil, wani asibitin masu cutar kansa ya tashi daga gininsa a 1985, ya bar na'urar gasa ƙari mai ɗauke da sinadarin siziyam. A watan Satumban 1987 wasu 'yan jari-bola biyu suka shiga kangon suka kwance na'urar, suka sayar wa wani mai sayen ƙarafa. Da ya ga garin da ke ciki yana walƙiya shuɗi-shuɗi cikin duhu, sai ya kai gida, ya raba wa dangi da abokai. Mutum huɗu suka mutu, ciki har da wata yarinya 'yar shekara shida. An duba mutum kusan 112,000, aka samu 249 da sinadarin ya taɓa. Shekara biyu kacal tsakanin barin na'urar da wannan masifa.

Irin wannan ne ya sa IAEA ta amince cewa alamar nukiliya da aka saba gani, mai kama da farfelar fanka, ba ta gaya wa wanda ba a koya masa ba komai. A 2007 ta fitar da ƙarin alama mai launin ja, ɗauke da ƙoƙon kai da ƙasusuwa da hoton mutum yana gudu, bayan an gwada ta a kan jama'a a ƙasashe 11.

A Jamus kuwa, an jibge ganguna kusan 126,000 na sharar nukiliya a tsohuwar mahaƙar gishiri ta Asse tsakanin 1967 da 1978. Da yawa daga ciki juye su kawai aka yi, kuma takardun da aka cike ba su fayyace abin da ke cikin kowace ganga ba. Tun daga 1988 ruwa ke tsattsafowa cikin mahaƙar, kimanin lita 12,000 a kowace rana. A 2009 hukumomi suka bayyana cewa fulutoniyam ɗin da ke ciki ya kai kilo 28, kusan ninki uku na abin da aka daɗe ana faɗa. Majalisar dokokin ƙasar ta yi doka a 2013 cewa a fito da gangunan, aikin da zai ci biliyoyin yuro, kuma masu yin sa za su tunkari kayan da ba su da cikakken bayani a kansu.

Ita ma WIPP ba ta tsira ba. Ranar 14 ga Fabrairun 2014 wata ganga ta fashe a ƙarƙashin ƙasa. Bincike ya gano cewa a cibiyar Los Alamos, inda aka cika gangar, an yi amfani da garin da ake zuba wa kyanwa ta yi bayan gida a ciki domin tsotse ruwan sharar. An saba amfani da wanda aka yi da yumɓu, amma a ƙa'idar aikin da aka sabunta sai aka rubuta wanda aka yi da tsiro. A Turance, haruffa biyu ne suka raba kalmomin biyu. Garin ya haɗu da sinadaran da ke cikin gangar, ya yi zafi, murfin ya tashi. Ma'aikata sama da 20 suka shaƙi tururin, ko da yake kaɗan ne, aka rufe ma'ajiyar kusan shekara uku, aka kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli. Wurin da aka tsara don shekara 10,000 ya yi tuntuɓe a shekararsa ta 15.

Saharar da ke maƙwabtaka da mu

Wannan batu bai tsaya a Turai da Amurka ba. Tsakanin 1960 da 1966 Faransa ta yi gwajin bam ɗin nukiliya sau 17 a Saharar Aljeriya, huɗu a sararin sama kusa da Reggane, 13 a cikin duwatsun In Ekker. Saboda waɗannan gwaje-gwaje ne Najeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a watan Janairun 1961. Da Faransawa za su tashi, sun binne motoci da kayan aikin da suka gurɓata a cikin rairayi. Shekaru da dama mazauna yankin suna tsintar ƙarafa da wayoyin jan ƙarfe daga wuraren. Har a 2021 babban hafsan sojin Aljeriya Saïd Chengriha yana neman Faransa ta miƙa taswirorin da ke nuna inda aka binne kayan.

A Nijar, an fara haƙar yuraniyam a Arlit tun 1971. Mahaƙar Cominak da ke Akokan ta rufe a ƙarshen watan Maris na 2021 bayan sama da shekara 40 tana aiki, ta bar tsibin dusar ma'adini da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20. Wannan dusa ba ta kai sharar tashoshin nukiliya zafi ba, amma tana ɗauke da sinadaran da za su yi dubban shekaru suna fitar da tururi. Kamfanin Orano na Faransa ya ce zai rufe tsibin da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita biyu.

Tun kafin rufewar, ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen da cibiyar bincike ta CRIIRAD ta Faransa sun sha nuna cewa gurɓatattun ƙarafan mahaƙa na shiga kasuwannin garin. A watan Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta sanar da ƙwace kamfanin Somaïr daga hannun Orano. Duk yadda rikicin ya ƙare, tambayar na nan: a hannun wa taswirori da sakamakon awon ruwa da na ƙasa za su zauna, kuma wa zai gaya wa makiyayin da zai zo bayan shekara 200 cewa kada ya haƙa rijiya a gindin wannan tudu?

A kan hanyar Agadez zuwa Arlit akwai raƙuman dawa na Dabous, waɗanda aka sassaƙa a jikin dutse kimanin shekara 6,000 zuwa 8,000 da suka wuce, lokacin da yankin ke da ciyayi da namun daji. Zanen ya tsira, amma sunan masu sassaƙar da harshensu da abin da suke nufi duk sun tafi.

Takarda, faifai da bakin mutane

Mutum zai zaci kwamfuta ta warware matsalar ajiyar bayani. Ba ta warware ba. A 1986 BBC ta tattara bayanai a kan rayuwar Birtaniya ta zuba a wasu faya-fayan zamani, don cika shekara 900 da rubuta kundin ƙidayar Domesday na 1086. Cikin shekara 15 na'urorin karanta faya-fayan suka kusa ƙarewa, sai da aka yi aikin ceto na musamman. Shi kuwa kundin na asali, wanda aka rubuta da tawada a kan fata, yana nan ana karanta shi.

Saboda haka hukumar Andra mai kula da sharar nukiliya a Faransa ta koma ga takarda. Ma'ajiyarta ta La Manche ta karɓi shara daga 1969 zuwa 1994, kuma ana so a ci gaba da lura da ita na aƙalla shekara 300. An buga dubban takardun bayananta a kan wata takarda ta musamman da ba ta saurin ruɓewa, aka ajiye kwafi ɗaya a wurin, ɗaya a gidan adana tarihi na ƙasa. Hukumar ta kuma gwada rubutu da farin ƙarfe mai daraja a tsakanin faya-fayan dutsen yakutu, sannan ta kafa ƙungiyoyin mazauna yankunan da ke kusa da ma'ajiyoyinta, waɗanda ke tattara labaran tsoffin ma'aikata da tunanin yadda za a isar da su ga yara.

Daga 2011 zuwa 2019 hukumar makamashin nukiliya ta ƙungiyar OECD ta haɗa ƙasashe da dama suka yi nazari a kan adana takardu da ilimi da tunawa. Matsayar da suka cimma ita ce babu wata hanya guda da za a dogara da ita. Sai an haɗa gidajen adana tarihi da rajistar filaye da alamomi da gidajen tarihi da makarantu da yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa, kowanne yana nuni zuwa ga ɗan uwansa, ta yadda idan ɗaya ya faɗi wani zai tsaya.

Sun kuma ba da shawarar kowace ma'ajiya ta samu ɗan taƙaitaccen kundi mai shafi kusan 40, cikin harshe mai sauƙi, da ke bayyana inda take da abin da ke ciki da dalilin binne shi, a raba kwafinsa ko'ina. A Suwidin, inda aka fara gina ma'ajiyar Forsmark a watan Janairun 2025, masu bincike a Jami'ar Linköping sun riga sun rubuta irin wannan kundi, da nufin a riƙa sabunta shi lokaci-lokaci.

Darasin da aka fi ambatawa ya fito ne daga Japan. A gaɓar tekun arewa maso gabashin ƙasar akwai ɗaruruwan duwatsu da kakanni suka kafa don gargaɗi a kan igiyar ruwa ta tsunami. A wurare da yawa an bar su cikin ciyawa, aka gina gidaje a ƙasa da su. A ƙauyen Aneyoshi kuwa, wanda ruwa ya share a 1896 da 1933, dutsen ya hana gina gida ƙasa da inda yake, mutanen ƙauyen suka kiyaye, suna kuma koya wa 'ya'yansu dalili. Da igiyar 2011 ta zo, ta tsaya ƙasa da dutsen, gidajen ƙauyen suka tsira. Duwatsun iri ɗaya ne, bambancin shi ne a Aneyoshi ba a daina ba da labarin ba. Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka.

Wannan ne ya sa masana da dama suka rage maganar shekara 100,000, suka mayar da hankali ga shekara 100 masu zuwa. Ma'aikatan da suka gina tashoshin nukiliya na farko sun yi ritaya, da yawa sun rasu, kuma abin da suka sani wanda ba a rubuta ba ya bi su. Kamfanoni na sauya hannu, hukumomi na sauya suna, manhajojin kwamfuta na tsufa cikin 'yan shekaru.

A Onkalo, ba a sa ran toshe ramin sai wajen shekarun 2120. A ƙarƙashin dokar Finland, da zarar an rufe shi yadda ya kamata, alhakinsa zai koma wuyan gwamnati. Waɗanda za su yanke shawarar ko a kafa alama ko a bar daji ya rufe wurin ba a haife su ba tukuna, kuma da takardun da ma'aikatan yau suke cikewa za su yi aiki.